Yadda Za Ka Haɗa Giyar Tuffa a Gidan Uwarka Ba Ta Sani Ba

Sagindik maƙwabcina maƙaryaci ne, kuma mashayi. Bara ya durƙusa gaban mahaifiyarsa, Apa Kulyash, ya rantse ya bar giya, ita kuma ta damƙa masa lambun tuffar mahaifinsa da sharaɗi ɗaya: ranar da ta ji warin abin a gidanta, lambu ya koma hannun ƙaninsa Baurjan. Ga hanyar da ya bi. Ka bi ta daki-daki, na ba ka tabbacin za ka samu abin da ya samu.

1. Raɗa wa abin suna na mutunci

Matse tuffar da ta zube, ka cika babbar kwalbar nan ta lita ashirin, ka bar wa kumfa tsawon tafin hannu a sama. In matarka ta tambaya, ka ce khal, wato ruwan tsami, kake haɗawa don miyar hunturu.

"Khal lita ashirin?" in ji Gulzira, matar Sagindik. "Wanka za mu yi da shi?"

"Ke dai ba ki san tattali ba," in ji Sagindik.

Ka riƙe wannan amsar. Mace in ka zarge ta da rashin tattali, takan yi kwana biyu tana kare kanta, ta manta tambayar.

2. Kula da zafi

Ruwan tuffa yana son sanyi-sanyi, digiri sha biyar zuwa ashirin. Ƙasa da goma ya yi barci. Sama da ashirin da biyar ya haukace, ya yi warin ruɓaɓɓen ƙwai. Wurin da ya dace shi ne ɗakin ƙasa inda ake ajiye dankali, amma Apa tana sauka can sau uku a rana. Saboda haka ka yi yadda Sagindik ya yi: ka tura kwalbar bayan tulin bargunan baƙi da ke kan akwati, jikin bangon murhu, ka danne ta da su. Mai hankali zai ce wurin ya yi zafi. Kai ba da mai hankali kake shawara ba.

3. Safar hannu

Iska ta fita, kada ta shiga, shi ne dukkan ilimin. Ka sa wa bakin kwalbar safar hannu ta roba irin ta asibiti, ka ɗaure da zare, ka huda yatsa ɗaya da allura. Sagindik ya riƙe allurar, ya tuna hancin uwarsa, wadda ke jin ƙaurin madara daga gidan maƙwabta, ya mayar da allurar ma'ajiyarta. Wai in babu rami, babu wari.

4. Kada ka duba kalanda

Kwana biyar bayan nan aka taru addu'ar cikar shekara uku da rasuwar mahaifinsa. Aka hura murhu tun asuba saboda naman. Kowane baƙo ya shigo, Gulzira ta zaro bargo daga tulin ta shimfiɗa masa. Sagindik yana zuba shayi yana ƙirga bargunan da suka rage. Takwas. Biyar. Liman ya zo da ciwon gwiwa, aka ninka masa biyu.

Muna tsakiyar addu'a, tafukanmu a buɗe, sai wani farin hannu kumburarre ya taso daga bayan akwati, yatsu biyar a miƙe, yana ɗan rawa. Ƙanwar marigayi ta saki ihu. Ni kaina na karanta abin da ya zo bakina.

5. Tsaya kan maganarka

"Khal ne, Apa," in ji shi.

Tsohuwar ba ta ko ajiye kofinta ba. "Khal iska yake so, ɗan nan, da ƙyalle ake rufe shi. Shekara talatin ina farautar safar hannun ubanka a gidan nan, Allah Ya jiƙansa. Shi ko ba komai yana huda yatsa."

"Yaya, gaishe shi mana," in ji Baurjan. "Tun ɗazu yake miƙo maka hannu."

A nan kada ka tsaya tunani. Ka yi tsalle ka damƙe safar da hannu biyu don ka lotsa ta. Sagindik ya yi haka. Zaren ya tsinke, kumfa mai warin ƙwai ta yi feshi har rufin ɗaki, ta sauko kan hular liman, da tiren nama, da hoton marigayi.

Gargaɗi

Ni ban taɓa sha ba, ban ce ka sha ba, kuma in uwarka ta kama ka kada ka ambaci sunana, don zan ce ban san ka ba. Sagindik ya wanke barguna goma sha huɗu a bakin rafi, mako guda, matan unguwa suna kallo. Lambun yana hannun Baurjan.