Kwalbar Jatau a Rijiya

A wani ƙauye an yi wani bawan Allah, Jatau, wanda in ka ce masa ya jira ka a gindin tsamiya, ko da baɗi ka dawo nan za ka tarar da shi. Matarsa Lantana ce mai dabarar gidan. Naman kaza take nomawa a buhunan dusar katako, irin nan mai fitowa kamar 'yar laima, kuma da shi suke ci suke sha. Irinsa wani farin fumfuna ne da take rainonsa a kan dafaffiyar dawa cikin kwalabe goma. Marigayiya gwaggonta ce ta bar mata shi, in ya mutu babu inda za ta samo wani.

Wata rana ta ce, "Malam, kwalaben nan sai an tafasa su kafin a yi aiki da su." Waɗanda ba komai a ciki take nufi. Jatau ya haɗa har da huɗu masu iri, ya ba su wuta sosai. An ce mai haƙuri kan dafa dutse, to ita kwalba aka dafa mata. Saura shida.

Wata rana kuma ta ce, "Duk wadda ka ga ta yi fumfuna, zubar." Koren da ke ɓata iri take nufi. Kafin ta fito daga wanka ya juye wa kaji kwalba uku, yana murna ya yi aiki.

"Malam, farin ai shi ne irin."

"Ba ki faɗi launi ba, Lantana."

Gaskiyarsa, ba ta faɗa ba.

Wata rana da bazara 'yarsu ta haihu, Lantana za ta je zaman jego na kwana arba'in. Ta kai kwalba biyu firijin mai sayar da ƙanƙara. Ta ukun ta miƙa wa Jatau don kada ya ji an raina shi. "Sa ta inda ya fi ko'ina sanyi a gidan nan, kada kowa ya taɓa."

Gindin randa take nufi. Jatau ya bi gida lungu-lungu yana gwadawa da tafin ƙafa, har ya leƙa rijiya. Ya sa kwalbar a guga, ya zura ta dab da ruwa, ya ɗaure igiya, ya rufe. Kwana arba'in yana ɗebo ruwa daga rafi, ga rijiya a gidansa, gari na yi masa dariya.

Da Lantana ta dawo, ta tarar wuta ta yi sati uku ba ta zo ba. Kwalaben firiji sun yi baƙi, sai wari. Ta zauna a tsakar gida tana kuka, tana kiran sunan gwaggonta.

Jatau ya nufi rijiya, ya jawo igiya. Kwalba ta fito da sanyinta, fara tas kamar auduga.

Lantana ta rungume ta, ta daɗe tana kallon mijinta. "Malam, daga yau kai ne mai ajiyar iri."

"To. In tafasa ta?"

Ta yi dariya, hawaye na zuba. "Mayar da ita inda ka ɗauko. Ni ma gobe rafi za ni."