Yadda Za Ka Gyara Kujerar Motarka Kafin Matarka Ta Leƙa Ƙarƙashinta

Malam, kwantar da hankalinka. In tsohuwar motarka irin mai kujerar wuta ce, wadda ake danna maɓalli ta matsa ko ta kwanta, kuma yanzu ta ƙi motsi, ka zo inda ya dace. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari sai ta motsa. Inda za ta tsaya ne dai ban ɗau alkawari ba.

1. Gaya wa kanka gaskiya, amma a ɓoye

Kujera ba ta lalacewa haka siddan, kai ma ka sani. Wata shida ke nan da likita ya ce suganka ya hau, ka rantse a gaban matarka cewa kai da zaƙi har abada. Tun ranar baiwar Allah take ɗora tukunya biyu, tana auna maka shinkafa kamar magani. Kai kuwa kullum da tsakar rana sai ka sulale daga ofis, ka shige mota, ka kwantar da kujera don kada abokan aiki su hango ka, ka kafa kai a kwalbar lemo mai sanyi. Kwalba da ledar alewa kuma sai ƙarƙashin kujera. Ranar Talata ka danna don ta tashi, sai ta yi gurnani sau biyu, ta yi gum.

Saboda haka aikinka biyu ne, gyaran kujera da rufin asiri. Na biyun ya fi gaggawa.

2. Ci gaba da tuƙi a kishingiɗe

Cusa matashi biyu a bayanka, ka miƙe ƙafa har babban yatsa ya samu burki. Dole matarka ta yi magana.

"Baban su, lafiya kake tuƙi kamar wanda za a cire wa haƙori?"

"Likita ne ya ce in riƙa miƙe baya."

Riƙe wannan dabara da kyau. Likita ba ya cikin motar, duk abin da ka ɗora masa zai ɗauka.

3. Kada ka kusanci gareji

Mai gyaran wayoyin wutar mota ɗaya ne a unguwarku, kuma ƙanin matarka ne. In ka kai wa wani, kafin ka iso gida labari ya riga ka. Kira shi a waya kawai, ka ce motar wani abokinka ce.

"Yaya, ya fara duba fiyus. In fiyus lafiya, kuma injin ƙarƙashi yana ƙara amma ba ta tafiya, to wani abu ne ya tokare ƙarfen da take gudu a kai. Ka kawo mana in ɗaga kujerar, aikin minti goma ne."

"Na ce maka ta abokina ce!"

"To a gaishe shi. Anti ta ce shi ma a kwance yake tuƙi."

Kashe wayar. Wannan yaron tun yana makaranta ba shi da kunya.

4. Fiyus

Asabar da safe, lokacin da ta shiga wanki, buɗe ɗan akwatin da ke ƙasan sitiyari. Za ka ga fiyus birjik, ja da shuɗi da rawaya. Cire su duka, kada ka rubuta inda kowanne yake, gwani ba ya rubutu. Ɗaga kowanne ka kalli rana ta cikinsa kana gyaɗa kai. Ba ka san abin da kake nema ba, amma maƙwabta na kallo. Sannan ka mayar da su yadda zuciyarka ta raya maka. In ka kunna rediyo ka ga abin share gilashi ya tashi, kada ka damu, alama ce wuta na zagayawa.

5. Zura hannu

Durƙusa a ƙofar baya ka tura hannu. Kujerar ta danne komai, iyakarka wuyan hannu, amma yatsunka za su taɓo bakin kwalbar da ta maƙale. Ja. Ba za ta zo ba, agogonka ne zai tafi. Daga nan sai ka lallaɓa ɗakin girki ka ɗebo mai a murfin roba, ka tuttula a ƙarfen, ka shafa wa maɓallin ma don kada ya ji an ware shi.

A nan ne za ka gane ba kai kaɗai ke cin moriyar wurin ba. Kiyashi sun yi wata shida suna zaune lafiya da iyalansu, kuma ta hannun rigarka za su shigo kawo ƙara. Yi tsalle, amma kada ka yi ihu.

6. In ta fito

Za ta fito, da kumfa a hannu da bokiti.

"Kawo in haska maka."

"A'a, aikin maza ne. Na kusa gamawa."

Ba za ta yi musu ba, ƙofar baya za ta buɗe ta zauna. To yanzu ne lokacin nuna ƙwarewa. Hau kujerar direba, danna maɓalli, ka doka bayanka da duk ƙarfin da ya rage maka. Za ka ji ƙas, kwalbar ta goce. Kujera ta tashi, ta fara tafiya!

Saki maɓallin. Ba zai saku ba, man nan ya liƙe shi. Haka za ta yi ta kai ka gaba har gwiwoyinka su daki ƙirji, tumbinka ya danne ham, unguwa ta ɗauka. Sai warin ƙonewa ya taso, injin ya yi numfashinsa na ƙarshe.

Juyawa ma ba za ka iya ba. Kunnenka kawai zai ji ƙarar kwalabe suna sauka a bokiti, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Sai a lokacin za ka tuna bokitin babu komai a cikinsa ta fito da shi.

"Tun watan jiya nake jin suna kaɗawa in ka taka burki," za ta ce. "Ina jira ne ka faɗa min da bakinka. Ni ba kwalaben ne suka dame ni ba, Baban su. So nake ranar da autarka za ta gama makaranta ka je da ƙafafunka biyu."

Ba ni da dabarar da zan ba ka a nan. Ni da abin ya faru da ni, kunya ce ta rufe ni, na kifa goshi a sitiyari.

7. Miƙa makulli

Bayan maƙwabta sun zaro ka, ita za ta shiga ta gwada. Kai dogo ne, ita gajeriya, kujerar kuwa ta mutu daidai tsawon ƙafarta kamar tela ya auna. Daga Litinin ita za ta kai ka ofis ta ɗauko ka, da tsakar rana kuma babu motar da za ka ɓuya a ciki. In ka kira ƙanin nata kan sabon inji, cewa zai yi: "Yaya, ba a samunsa yanzu. Anti ta ce ko an samu ba a samu ba."

Gargaɗi: duk wanda ya bi matakan nan ya rasa agogo, ko mota, ko girmansa a unguwa, ba ruwan mai wannan rubutu, kada ma a neme shi. Yana kujerar mai zaman banza da gorar ruwa a cinya, an ce ya ajiye biro ya ɗaura bel, za a kai shi awon suga.