Ruwan da Ya Zo Wa Abdulmuttalib ta Kunne

Ranar Talatar nan manoman ƙauyenmu suka sha gudun da rabonsu da irinsa tun suna samari, kuma duk sifikun Abdulmuttalib ne suka ja.

Abdulmuttalib, ga wanda bai san shi ba, dattijo ne mai hawasha, wato gonar da ake shayarwa da ruwan tur'a, babbar kwatar ban ruwa, kusa da ƙofar ruwa. Ba ya shan taba, ba ya zaman majalisa. Cutarsa ɗaya ce, son sauti. Bayan kakar bara ya je kasuwar Hajj Abdalla ya dawo da sifiku biyu masu araha, irin na tsaye, kowanne ya kai masa ƙirji, da wani suna a goshi wanda har yau ba a sami mai iya karanta shi ba. Matarsa Maijidda ta dube su ta ce ita da ta ga an shigo da su ta ɗauka kabad ya sayo mata.

Gaskiya dai kayan sun yi. In aka sa kiɗa, bugun ganga har cikin haƙarƙari yake shiga, kofunan shayi na rawa a kan tire. Muryar mata ce kawai ke fita kamar mai mura, na hagun kuma yana da wani ɗan gunaguni in batir ya yi sanyi. In fim ne, da mota ta fashe a talabijin kaji ke tsallake katanga. Amma abin da ya fi burge shi yadda suke fitar da ƙananan sauti, takun ƙafa, kaɗawar ganye, zubar ruwa. Yakan rufe ido ya ce wa maƙwabcinsa Uwaisu ko a gidan manya sai haka.

To bana sai tur'a ta toshe da laka da ciyawa. Dawa ta fara naɗe ganye, ita ce kuma abincin gidansa na shekara. Aka yi ta kai kuka, ana ta dawowa da "insha Allahu". Daga ƙarshe aka turo karraka, motar yashe tur'a, ta kwashi laka daidai wadda za ta fito a hoto, sannan mai ya ƙare mata. Allah Ya saka wa manyanmu, ko ba komai yara sun sami inuwar wasa a ƙarƙashinta.

Ana haka sai ga sanarwa cewa Mai Girma Mai Almakashi zai zo buɗe ruwa. A ƙauyen nan ba a hana aro in taro ya tashi, mai tabarma ya ba da tabarma, mai tukunya ya ba da tukunya. Aka zo da karo, wato amalanken jaki, aka ɗauki sifikun. Abdulmuttalib ya ja musu kunne kada su ƙure sautin, shi kuwa ya ɗauki fartanyarsa ya tafi hawasha, don ya ce jawabin ya riga ya haddace shi tun bara.

Ka sani, mai karatu, mu nan ba a yi wa manomi shelar zuwan ruwa. Kunne ke faɗa masa. Da ka ji motsinsa sai ka ruga ka fasa bakin abu ishrin, ƙaramar kwatar da ke shiga gonarka, tun na gaba da kai bai shanye ba. Haka Abdulmuttalib yana durƙushe yana duba wani tushen dawa ya ji shi, ruwa mai nauyi, mai kumfa, yana dukan ƙarfen ƙofa. Hawaye suka cika masa ido. Ya yi hamdala da ƙarfi, ya kwasa da gudu har takalmi ɗaya ya fita.

"Uwaisu, ruwa ya taho! Wallahi sun cika alkawali, tashi ya zol, tashi mutumina!"

Gona gona maganar ta bi. Tsofaffi da masu ciwon gwiwa kowa ya fasa bakin kwatarsa ya tsaya da fartanya a hannu. Ƙarar na nan, ƙasa kuwa a bushe. Can Abdulmuttalib ya karkata kai, ya ji wani ɗan gunaguni a ƙarƙashin ruwan, daga hagu. Ya san wannan gunagunin kamar tarin matarsa.

Ya hau gaɓa ya tarar da Mai Girma ya riƙe sitiyarin ƙofar ruwa yana murmushi, mai ɗaukar hoto ya saita na'ura daga ƙugu zuwa sama, wani mai jar hula kuma ya jona wayarsa da sifikun. Da ya tambayi mai jar hular ina ruwan, sai ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ya Hajj, ruwan shina bisa hanya. Wanga na bidiyo ne. Amma samma'arka, wato sifikun nan, tamam, ina ka saye ta?"

Kafin la'asar bidiyon ya zaga wayoyi, har 'yan uwa daga Damazin suna bugo waya suna yi mana barka. Washegari aka zo da babbar mota aka ɗauke karraka, tunda duniya ta ji da kunnenta aiki ya kammala. Abin da ya fi cin ran Abdulmuttalib ba gudun ba ne. Hamdalar da ya yi ce, da zuciya ɗaya, har da yi wa manyan addu'a. Ya dawo da sifikun gida ya juya fuskarsu bango, Maijidda kuwa ta samu kabad ɗinta, ta jera kwanuka a kai.

Saboda haka mai son sayen irinsu ya saya, ba za su ba shi kunya ba. Kayan da suka ruɗi manomin da ya tsufa yana sauraron ruwa ai sun ci kuɗinsu. Muna dai roƙon Mai Girma, in zai dawo baɗi, ya taimaka ya zo da irin dawa mai kunne.