Gashin Bakin Baban Rahila

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Baban Rahila ya shigo shagon askina a Karshi ba. Rahila ce yarinyar da nake nema. Ta riga ta gargaɗe ni: "Baba zai zo aski, amma ba aski ne zai kawo shi ba, kai zai zo dubawa. Don Allah ka nutsu."

To ni ina da wata cuta. Duk masu askin layinmu ƙwallo suke kallo, ni kuwa wasan sulu a kan ƙanƙara ne ya tafi da imanina (ni da ban taɓa ganin ƙanƙarar da ta wuce ta buhun mai zoɓo ba). Namiji ɗaya tal a tsakiyar farin fili, takalminsa da wuƙa a ƙasa, goge na tashi a hankali, shi kuma yana zamewa kamar babu haya a kansa. In ina kallo, zafin kwanon shagon nan ɓacewa yake, har sanyi nake ji a idon sawu.

Ranar kuwa wasan ƙarshe na gasar maza ake yi. Gwanina, wani siririn saurayi mai baƙar riga wanda ya sha ƙasa a bara, shi ya rage.

Baba ya zauna, na ɗaura masa ƙyalle. Manomin doya ne, ba ya son surutu, kuma gashin bakinsa ya girmi Rahila.

"Rage kai. Wannan kuma daidaita kawai, kar ka taɓa tsawo."

"An gama, Baba."

Da mai hankali ne da ya kashe talabijin. Ni murya kawai na rage. Na gama kai lafiya lau, na kawo kilifa kan gashin baki, sai na hango gwanin a madubi. Ya taho da baya, ya buɗe hannaye, duk ɗakin wasan ya yi tsit. Wallahi ji na yi ni ne. Babu Karshi, babu ƙarar janareto, sai ni da farin fili. Ya daka tsalle, ya juya sau huɗu a sama, ya dira da ƙafa ɗaya, ya share da ɗayar a hankali.

Ashe hannuna ma ya share.

Ina can ina ta "Kai! Kai! Allah ya yi maka albarka!" sai na ji an ce, "Yaro."

Na duba. Ɓangaren hagu na gashin bakin fes, kamar an gyara gona. Na dama yana nan da ƙarfinsa. A talabijin ana ta jefa wa gwani furanni, ni kuma ina roƙon ƙasa ta tsage.

Baba ya daɗe yana kallon madubi, sannan ya kalli talabijin. "Ɗan'uwanka ne?"

"A'a, Baba."

"Cire sauran."

Na cire ina zufa. Ya tashi ya fita, ni kuwa na gama sallama Rahila a raina. Sai da gashin ya fara tsirowa ya aiko cewa in turo manyana, wai a ranar ban yi ƙarya ba, ban kuma ɗora wa kilifa laifi ba.

Yanzu in ana gasa, shago nake rufewa, don na gane mafarki da kilifa ba sa zama a hannu ɗaya. Baba dai ya amince ya ba ni 'yarsa. Kansa kuwa, har yau wurin mai askin tsallaken titi yake kai shi.