Takardar Gargaɗin Sallau Direba

Sallau direba ne a wani kamfanin gurzar auduga a Funtuwa. Ran nan manaja ya miƙo masa takarda da Turanci, ya ce ya je ya karanta, gobe ya zo ya faɗi dalilin da zai hana a sallame shi. Sallau kuwa Turancinsa bai wuce na allon bakin titi ba. Sai ya nufi gidan maƙwabcinsa Malam Barau, wanda ya yi shekara talatin yana koyar da Turanci, ya yi ritaya amma bakinsa bai yi ba.

Malam Barau ya ɗora tabarau, ya bi layi da yatsa, ya tsaya a kan wata doguwar kalma, consistently. Nan ya gyara zama. Ya ce asalinta daga Latin ne, tushenta yana nufin tsayawa daram. 'Yar wutsiyar nan ta ƙarshe kuma ita ke nuna yadda ake yin abu, wato kullum iri ɗaya, ba fashi, ba sauyi. Ya ce Turawa na ganin girman mai wannan hali ƙwarai. Sallau har ya fara washe baki, sai Malam ya ƙara da cewa kalmar da ke biye da ita dai makara take nufi.

Washegari ƙarfe tara da rabi Sallau ya yi sallama a ofishin manaja, ya durƙusa ya kwashi gaisuwa. Manaja ya tambaye shi ko an fassara masa takardar. Ya ce an fassara, har da tarihin kakanninta.

Manaja ya nuna agogon bango ya ce, "To ka ji. Ƙarfe takwas ake fara aiki a nan. Shekara uku ke nan, tara da rabi kake shigowa. Ko sau ɗaya ba ka taɓa kuskurewa ba, har yau da aikinka ke reto."

Sallau ya ɗaga kai ya dubi agogon, ya dubi manaja, ya ce, "Ranka ya daɗe, mutumin da ya shekara uku bai taɓa saɓa lokacinsa ba, ai ba shi ne da gyara ba. A kira mai gyaran agogo."