Kofin da Ya Sa Na Yi Wasiyya a Falon Surukai

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da muka je nema wa Nura aure a Kurmin Sarki ba, domin ranar ce na yi bankwana da duniya a kan kafet ɗin mutane, alhali lafiyata ƙalau.

Ni mutum ne mai fargaba, wannan duk unguwarmu ta Wambai an sani. In na rufe shagona na ɗinki, sai na yi nisa in dawo in sake taɓa kwaɗon. (Matata ta ce wata rana kwaɗon ne zai gaji ya bar ni.) Na daɗe ina shan kofi, irin na gwangwani da ake zuba wa ruwan zafi, har zuciyata ta fara gudu kamar keken ɗinkina. Likita ya ce in bar shi. Bai ce zai kashe ni ba, ni na ƙarasa masa maganar a raina.

Nura ɗan marigayi ƙaninmu ne, a hannuna ya tashi. Keke-napep yake tuƙawa a Kwamba, kuma keken ba nasa ba ne. Yarinyar da yake so, Hafsatu, 'yar Alhaji Bawa ce, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya. A hanya babban wanmu, Yaya Sale, ya ja kunnena: "Kai dai ka yi shiru. Bakinka ba ya riƙe komai. Ni zan yi magana."

Muka gaisa, muka faɗi abin da ya kawo mu. Alhaji ya tambayi sana'ar yaron. Yaya ya gyara hula ya ce, "Harkar sufuri yake yi, Alhaji. Yana da ababen hawa a kan hanya."

Ababen hawa? Keke ɗaya, shi ma na wani. Na fara tunanin ranar da gaskiya za ta fito bayan an ɗaura aure, da idon da zan kalli yarinyar nan da shi. Amma in na yi magana, na ɓata wa maraya aurensa. Sai na sunkuyar da kai ina kallon yatsun ƙafata.

Ana haka aka shigo da tire. Alhaji da kansa ya buɗe gwangwani, ya zuba cokali biyu a tambulan, ya ƙara ruwan zafi da madara, ya miƙo mini. Ƙamshin ya doki hancina. Kofi ne.

"Malam, ba kowa nake haɗa wa da hannuna ba," in ji shi.

To, ya za ka ce wa mutumin da ka zo roƙon 'yarsa ba ka sha? Na yi bismilla na shanye. (Kuma, Allah ya yafe mini, ya yi daɗi.)

Ban ajiye tambulan ba na ji zuciyata ta tashi. Zufa ta karyo mini, tafin hannuna ya yi sanyi. Na ce shi ke nan, abin da likita bai ƙarasa faɗa ba ne ya zo. Na zame daga kujera na miƙe a ƙasa, na yi kalmar shahada. Sai na tuna zan gamu da Ubangijina da ababen hawan nan rataye a wuyana.

"Alhaji, matso kusa, lokacina ya yi," na ce. "Kofin nan likita ya hana ni. Amma kafin in tafi, Nura ba shi da mota ko ɗaya. Keke yake tuƙawa, na haya. Yaro ne na kirki, ba ya wasa da salla, amma keken ba nasa ba ne."

Yaya yana mintsinina a cinya yana cewa, "Zafin ciwo ne, Alhaji, bai san abin da yake faɗa ba." Hajiya, matar Alhaji, ta shigo da mafici tana salati.

Alhaji bai ruɗe ba. Ya ɗauko gwangwanin ya durƙusa a gabana.

"Malam, wannan dikaf ake ce masa. An cire masa sinadarin da ke sa bugun zuciya da hana barci. Ɗan abin da ya rage ko kyanwa ba zai tayar ba. Ni ma hawan jini gare ni, shi nake sha kullum."

Wallahi kafin ya rufe baki zuciyata ta koma daidai. Ban taɓa jin haushin samun lafiya ba sai ranar. Mutuwa ta fasa zuwa, ga ni kwance a falon surukai, hulata a ƙarƙashin kujera, Hajiya ta daina fifita tana danne dariya da gyale. Na tashi a hankali, ina ɗan nishi don kada a ce na warke da wuri.

Alhaji ya koma kujerarsa ya dubi Yaya. "Keken nan na sha hawansa. Nura ne ke kai ni asibiti awon jini. Jira nake in ga ko a cikinku akwai wanda zai faɗa." Sannan ya juyo gare ni. "Yaron da ya tashi a hannun mutumin da ko a bakin mutuwa ba ya iya riƙe ƙarya, na ba shi Hafsatu."

A hanyar komawa Yaya ya ce, "Da ma ni ma ina shirin gyara maganar." Ni dai tafiya kawai nake kamar wanda ya ci zaɓe.

Washegari na kai wa likita irin gwangwanin, ya karanta ya ce in sha, ban da wuce gona da iri. Har yau Yaya yana cewa dikaf ruwan ɗumi ne mai kala, asarar madara kawai. Ni kuwa ina ce masa abin da ya kayar da ni ƙasa da ƙamshi kaɗai, ya kuma samo wa Nura mata, ya cancanci a sha.

Darasin da na ɗauka shi ne, kafin ka yi wasiyya a gidan mutane, ka tambayi abin da ke cikin gwangwanin. Amma in ka riga ka kwanta, to ka faɗi gaskiyar duka kafin a gane lafiyarka lau.