Yadda Za Ka Kashe Furen Surukarka da Tausayi

Kai mai gida a gindin busassun tuddan nan namu na Kalifoniya, matso. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin cikin sati uku za ka kashe furen da farin shekara goma sha tara ya kasa kashewa. Ni Rigo na gwada, kuma ya yi.

1. Samo furen da ba shi da madadi.
Namu ɗan gajeren nan ne mai shimfiɗuwa a ƙasa. Marigayiya surukata, Doña Chelo, ita ta haƙo shi daga gangaren bayan unguwa. Matata Araceli takan gaishe shi da safe kafin ta gaishe ni.

2. Karɓi umarni, ka watsar.
Araceli za ta tafi jinyar yayarta, ta ce, "Rigo, don Allah kada ka ba shi ruwa. Barci yake yi da rani." Ka ce, "Haba, uwargida, yaro ne ni?"

3. Ji tausayi.
Kwana biyu ka ga ganye ya bushe ƙayau. Wane irin barci ne wannan? Jawo tiyo, safe da yamma. Mu masana mun san ba a barin mai rai da ƙishi.

4. Raina maƙwabci.
Tsoho Don Fermín zai leƙo ta katanga ya ce, "Maƙwabci, irin wannan ban ruwa, shinkafa za mu ci bana?" Ce masa ya kula da tumatirinsa. Ƙara ruwa don ya ji haushi.

5. Ruga neman wani.
Ranar da ka taɓa shi ya tuge, saiwa ta ruɓe tana wari, hau gangaren da gudu. Za ka tarar da gidaje arba'in da filin ajiye motoci. Ko ciyawa babu.

6. Tsaya ka sha kunya.
Araceli ta dawo, ta durƙusa, ta tura yatsa cikin laka. Da ta yi min ihu da na ji sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Shi kaɗai Mama ta bar min, Rigo." Wallahi ban taɓa jin na tsani kaina irin ranar ba.

Gargaɗi: duk abin da ya biyo baya, babu hannuna, kada a zo min gida. Ni ma ina fama. Araceli ta ce yadda ya kamata in yi wa furen haka za ta yi min: ba za ta kula ni ba sai ruwan farko ya sauka. Masu hasashen yanayi kuma sun ce bana fari za a yi.